Karayar wuya a filin ƙwallon ƴan makaranta: kafin a kai likita, wa ke riƙe kan yaron?

Ko da yaushe aka shirya gasar ƙwallo tsakanin ƴan kwaleji a Bune da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tsarin ɗaya ne. Wani Alhaji ya sa kofi, wani ɗan kasuwa ya sayi riguna, mata su kafa teburin ƙosai da ruwan sanyi a bakin fili, a ɗauko lasifika. Ana lissafin kuɗin alƙalin wasa har da na goron manyan baƙi. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne yadda za a yi in yaro ya faɗi a kan wuyansa ya kasa tashi.

Abin da aka saba yi kowa ya san shi. Jama'a su ruga cikin fili, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a zaunar da yaron, a kwara masa ruwa, a girgiza shi. Wani ya ja kansa wai ya miƙe masa wuya. Daga nan sai a aza shi a kan kabu-kabu tsakanin mutum biyu, kansa na lilo, a nufi likita ko gidan mai ɗori. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma a nan ne ake garin gyaran gira a rasa ido.

Ƙasusuwa bakwai ne a wuyan ɗan Adam, a jere kamar an ɗora zobba. Ta tsakiyarsu laka ta bi, ita ce ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara. Jijiyoyin da ke sa mutum numfashi ma daga wajen ƙashi na uku zuwa na biyar suke fitowa. Ƙashi yana iya tsagewa ko ya goce laka ba ta taɓu ba. A wannan hali yaron yana da dama ya warke sarai. Amma in aka lanƙwasa wuyan ko aka ja shi, ƙashin da ya karye sai ya danne lakar ko ya yanke ta. Mai ɗori yana haɗa ƙashin hannu, wannan ba a musu. Lakar da ta tsinke kuwa har yau babu likitan da ke iya ɗinke ta, ko a Faransa ko a Amurka.

Kada kuma tafiyar yaro da ƙafarsa ta ruɗe mu. A 1956, a wasan ƙarshe na kofin FA na Ingila, mai tsaron gidan Manchester City, Bert Trautmann, ya faɗa ƙafafun ɗan wasan Birmingham, gwiwa ta same shi a wuya. Ya tashi ya ƙarasa wasan, har ya je ya karɓi lambarsa yana dafe da wuya. Sai bayan kwana uku hoto ya nuna wuyansa a karye yake, wani ƙashi ne ya tokare wanda ya tsage. Da ƙashin ya gusa, da wani labarin ake yi.

Akwai kuma alkafura. Tun da Julius Aghahowa na Najeriya ya ci Suwidin a kofin duniya na 2002 ya dinga juyawa a sama, yaranmu suka ɗauke ta ado. A watan Oktoban 2014, a jihar Mizoram ta Indiya, wani ɗan wasa mai shekara 23, Peter Biaksangzuala, ya ci ƙwallo ya yi alkafurar murna, ya sauka a kan kansa. Kwana biyar ya yi a asibiti ya rasu. Babu wanda ya taɗe shi, babu wanda ya ture shi. Malaman wasanni su ji wannan da kyau, domin hana alkafura ba ya cin ko dala.

Ƙasar da ta fi kowa nazarin wannan matsala ita ce Amurka, saboda irin ƙwallonsu da ake ɗauka a hannu ana karo kamar raguna, kowa da hular kwano. Yaran makarantun sakandare sun riƙa sunkuyar da kai suna tunkuyi da tsakar ka. In kai ya sunkuya haka, wuya yana miƙewa kamar taɓarya, duk ƙarfin karon ya sauka a kan ƙasusuwan. Wani likita mai suna Joseph Torg ya tattara alƙaluma: a 1976, ƴan wasa 34 na makarantun sakandare da jami'o'i ne suka shanye hannu da ƙafa har abada. A shekarar aka haramta tunkuyi da ka, aka canza yadda ake koyar da yara. Zuwa 1984 adadin ya sauko zuwa 5. Ba sabon asibiti ne ya kawo wannan ba, doka ce da horon malamai. Suka kuma kafa ƙa'ida: duk wanda ya faɗi ya suma ko yana kukan wuya, ana ɗaukarsa a matsayin mai karayar wuya har sai hoto ya ce a'a.

Ƙwallonmu na ƙafa bai kai nasu haɗari ba, gaskiya ne. Amma karon kai a sama, da gola mai faɗawa ƙafafu, da wanda aka ɗaga ya dawo ta ka, duk muna da su. Ga kokawa a harabar makaranta, ga faɗowa daga kan dabino a kwari, ga amalanke da babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2013 mutum 250,000 zuwa 500,000 ne ke samun raunin laka kowace shekara, mafi yawa ta hatsarin hanya da faɗuwa, kuma samari ne a gaba.

Abin da ya bambanta Bune da can shi ne nisa. Asibitin gunduma yana Gure. Daga Gure zuwa Damagaram, inda babban asibitin ƙasa yake, kusan kilomita 160 ne. Yamai kuwa tana kusan kilomita 900 daga Damagaram. Kafin ma a hau kwalta sai an sha rairayi da gargada. Likitoci sun fi son a yi wa mai danne laka aiki cikin awa 24. A 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin magani a asibitocinta, abin a yaba ne. Sai dai ragin yana amfanar wanda ya isa asibiti da sauran lakarsa.

Ko a manyan filaye ana sakaci. Ranar 8 ga Maris 2020, a Lafiya ta jihar Nasarawa, ana wasan Nasarawa United da Katsina United, Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi. Nasa ba ciwon wuya ba ne, amma darasin ɗaya ne: motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi, sai da aka nemo wata motar. Bai rayu ba. In haka ta faru a gasar ƙwararru, kada mu zauna jiran ambulan a filin kwaleji.

To me za a yi da abin da ke hannu? Mutum ɗaya, wanda aka zaɓa tun kafin wasa, ya durƙusa a saitin kan yaron, ya riƙe kan da hannu biyu yadda ya same shi, ba ja ba murɗawa. Sauran jama'a su ja da baya. A yi masa magana: ina ke ciwo, yana jin yatsunsa, yana iya motsa ƙafa? In ya ce wuya, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, ko jikinsa ya mutu, to ba ya zama, ba ya tashi. Ba a ba shi ruwa, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki wai kada ya haɗiye harshe, domin harshe ba ya haɗiyuwa. In amai ya taso, mutum huɗu su mirgina shi gefe gaba ɗaya kamar gungumen icce, mai riƙe da kai ne ke ba da umurni. In numfashi ya tsaya, wannan ya sha gaban komai: a kwantar da shi rigingine a fara danna ƙirji. Wajen ɗauka kuma, faffaɗan katako ko ƙyauren ɗaki ya isa. A naɗe zane biyu a sa dama da hagu na kai, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu a jikin katakon, a shimfiɗa shi a bayan mota, direba ya tafi a hankali. Uwayenmu da ke saida abinci a bakin fili, zannuwanku sun fi ruwan da ake kwarawa amfani, kuma in kuka daka wa samari tsawa su saki yaron, za su saki.

Sauran magana ta masu kuɗin gasa ce. A gundumomin lafiya da dama na ƙasar nan an taɓa ƙirƙiro ƙarin dala ashirin a kan kuɗin ganin likita, don a tara na man motar kai maras lafiya babban asibiti. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga ƴan kasuwa, adashe ne. Duk wanda aka kawo wa takardar neman taimakon gasa yana da ikon ya tambayi darakta da magajin gari: an sanar da majo ranar wasa? Wane malami ne ya koyi taimakon gaggawa, ko wajen majon ko wajen ƴan Croix-Rouge? Ina katakon? Motar wa za ta tsaya a bakin fili, kuma wa ya zuba mata mai? A ganina, in babu amsa, a riƙe kuɗin kofin tukuna. Motocin da ke jigilar kanwa da dabino ranar kasuwa na ƴan kasuwar ne, ɗaya daga cikinsu ta isa, muddin an yi magana da direban tun jajibiri kuma an karɓi lambar wayarsa.