ƘOƘON KAN DA KE ƘIRJIN MATASA: NA WANE NE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk wanda ya tsaya bakin masallaci bayan an sallame Juma'a zai ga wannan alama. Farin ƙoƙon kan mutum mai dogayen haƙora, a ƙirjin baƙar riga, a tankin babur, a bayan adaidaita sahu, a fuskar waya. In aka tambayi saurayin da ke sanye da ita, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ce daga dilar gwanjo ta fito, ko ya ce alamar wani jarumin fim ce da ba ya ɗaukar raini. To lalle ya kamata a san wane ne wannan jarumi, kuma su wa suka ɗauki tutarsa.

Sunansa Punisher, wato mai hukuntawa. Ba a taɓa yin mutum irinsa ba, ƙagaggen labari ne na kamfanin Marvel na Amurka, masu buga littattafan zane da ake kira komik. Ya fara fitowa a shekarar 1974 a fitowa ta 129 ta labarin Spider-Man, kuma a matsayin abokin gaba ya fito, wanda aka zuga ya kashe jarumin labarin. Wanda ya ƙirƙiro shi, Gerry Conway, shekarunsa 21 kacal a lokacin, sunan da ya fara ba shi kuwa ma'anarsa makashi. Shugabansa Stan Lee ne ya sauya sunan. Aikin yana nan yadda yake, suna kawai aka wanke. Shi kansa ƙoƙon kan ɗan ƙarami ne a zanen farko, mai zane John Romita ya faɗaɗa shi ya cika ƙirji, ya mayar da haƙoran su zama jerin gidajen harsashi a ɗamara. Wannan shi ne murmushin da ɗan Musulmi yake yawo da shi.

Labarin kuwa shi ne, Frank Castle sojan Amurka ne da ya yi yaƙin Biyetnam. Ya dawo gida, 'yan ta'addar Mafiya suka kashe matarsa da 'ya'yansa biyu a wani filin shaƙatawa a birnin Niyok. Daga nan ya ɗauki bindiga ya zama shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne hauni. Ba shaida, ba tuhuma, ba tuba. Wani abin da galibin masu kallo ba su sani ba, a cikin littattafan an nuna ya taɓa shiga makarantar horar da limaman Katolika, amma ya bari saboda zuciyarsa ba ta iya yafewa. Wato su da suka rubuta shi sun san mutum ne da ya juya wa addini baya. Da aka mayar da labarin fim mai dogon zango a 2017, sai aka ɗauke shi daga Biyetnam aka kai shi Afganistan. Duk inda Amurka ta buɗe sabon filin zubar da jini, nan ake kai jaruminta.

Da a takarda abin ya tsaya da sauƙi. Bayan mamayar Iraki a 2003, wata ƙungiyar sojan ruwan Amurka na musamman ta ɗauki wannan ƙoƙon kai ya zama tambarinta. Cikinsu akwai Chris Kyle, maharbin ɓoye da ya yi aiki a Falluja da Ramadi, wanda aka ce ya kashe mutum 160. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2012 shi da kansa ya faɗi yadda suka riƙa fesa alamar a motocinsu da sulkensu da hulunan kwano da bindigogi, har da bangon gidajen mutane, don su cusa tsoro. Bai nuna nadama ba, abin da ya dame shi ma shi ne bai kashe fiye da haka ba. A 2013 wani tsohon soja ɗan uwansa Ba'amurke ya bindige shi a Texas, a 2014 kuma aka yi masa fim aka sayar wa duniya shi a matsayin gwarzo.

Ɗan uwa ya tsaya ya yi tunani. Alamar da uwa a Ramadi ta gani a ƙofar gidanta, ita ce saurayi ya sa kuɗinsa ya saya ya shigo da ita sahun salla. Wane irin barci ne wannan?

Abin kunyar ma, su can sun fara gudunta. A 2017 'yan sandan wani gari a jihar Kentaki sun cire ta daga motocinsu bayan jama'a sun yi ca a kansu. A 2018 shugaban sojan ƙasa na Ostireliya, Janar Angus Campbell, ya haramta wa sojojinsa sanya ta. Shekara biyu bayan haka binciken rundunar ƙasar ya bankaɗo kisan gilla da sojojinta na musamman suka yi wa mutanen Afganistan 39, fursunoni da fararen hula. Shi kansa Conway ya fito ya yi tir da 'yan sanda da sojojin da ke manna ta. A 2019 kamfanin ya sa Punisher ya yage sitikarsa daga motar 'yan sanda a cikin labari, a 2022 kuma suka sauya fasalin ƙoƙon a wani sabon jerin littattafai. Mai kaya yana ƙoƙarin yar da kayansa, ɗan kallo yana tsinta yana rungumewa!

Wani zai ce ai riga ce kawai. Idan riga ce kawai, me ya sa soja ya fesa ta a kan bindiga? Abin da ke shiga zuciya ya fi yadin haɗari, wato aƙidar cewa wanda aka zalunta ya samu lasisin zubar da jinin duk wanda ya ga dama. Wannan aƙida ce ke sa a yi ihun ɓarawo a kasuwa a kashe mutum kafin a tambayi sunansa. Ita ce ke sa unguwa ta far wa unguwa da gora da wuƙa saboda ramuwa. Matashi mai jin zafin zalunci, kuma yana da dalilin jin zafin, shi ya fi kowa saurin faɗawa wannan rami.

Musulunci bai ce a miƙa wuya ga azzalumi ba, amma bai bar fushi ya zama alƙali ba. Ƙisasi yana da shaidu da alƙali, ana yin sa a kan mai laifi shi kaɗai, kuma ƙofar afuwa da diyya a buɗe take. Wahshi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, aka yi wa gawarsa wulaƙanci, amma da ya zo ya musulunta Manzon Allah (S) bai sa an taɓa shi ba. Imam Ali (AS) yana kwance da saran Ibn Muljam a kansa a masallacin Kufa, ya yi wasiyya a ciyar da fursunan, in ya rasu a yi masa sara ɗaya kamar yadda ya yi, kada a yi masa gunduwa-gunduwa, kada a taɓa wani saboda shi. Wanda yake da irin waɗannan mazaje a tarihinsa, me zai nema wurin ƙagaggen sojan da ya kasa yafewa?

Don haka aiki yana kan 'yan uwa matasa. Wanda yake da rigar ya cire, mai babur ya ɓamɓare sitikar, mai waya ya goge hoton. Wanda ya ga ɗan uwansa da ita kada ya kunyata shi cikin jama'a, ya ja shi gefe ya ba shi labarin Falluja, domin galibi rashin sani ne. Masu sayar da gwanjo da masu buga sitika su ma su ji tsoron Allah a kan abin da suke miƙa wa 'ya'yan mutane.

Allah Ya ganar da matasan Musulmi, Ya raba su da son tutar masu kashe 'yan uwansu. Wassalam.