Ra'ayinmu: Ayarin Babura Ba Ya Tafiya Sai Da Madugu

Da zarar Asabar ta zagayo, musamman in an kammala jarrabawa, sai ka ga samari goma ko goma sha biyar sun jera baburansu a bakin ƙofar makaranta, sun ɗauki hanya yawon yini guda. Waɗansu su nufi Tiga, waɗansu Daura ganin rijiyar Kusugu. Wannan mujalla ba ta ga aibin al'adar nan ba, hasali ma tana yabawa da ita. Ɗalibin da ya ratsa ta Kura da Kadawa, ya ga yadda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yake shayar da shinkafa da tumatir cikin tsakiyar rani, ya karanci abin da lacca uku ba za su cusa masa ba. Gobe shi ne ma'aikacin da za a danƙa wa al'amuran mutanen karkara, ya kamata ya san su da idonsa.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin tafiyar. Ana barin gari sai ta zama tsere. Na gaba ya murɗa mai, na baya ya ji kunyar a ce shi rago ne, ya bi. Wani ya ɗauki goyo biyu, wani ya saki hannu don a yi masa hoto, hular kwano kuwa tana rataye a madubi. To, jama'a, mu yi lissafin da muka koya tun sakandare. Mai gudun kilomita 80 a awa yana shafe wajen mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin babur ya tsaya ninkawa yake yi huɗu. Akuya ɗaya ta tsallaka titi a ranar kasuwa ta isa ta zubar da mutum biyar da ke bin juna kurkusa.

Kakanninmu sun san tafiyar taro tun babu kwalta. Fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, amma ba su tashi sai da madugu wanda maganarsa ce yankakkiya, da jagaba wanda ya san hanya da mashaya. Ana sanin zango tun kafin a ɗaura kaya, kuma tafiyar jakin da ya fi rauni ita ce tafiyar ayari duka. Ashe mu da muke taƙama da ilimin zamani za mu kasa tsarin da fatake suka iya?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta shiga maganar nan, ba don ta hana ba, don ta gyara. Kowane ayari ya naɗa madugu a gaba wanda ba mai wuce shi, da wani gwani a ƙarshe riƙe da kayan faci da na taimakon gaggawa. A duba birki da taya da fitila tun daren tafiya. Sabon hannu ya shiga tsakiya. A bar sunayen matafiya a ofishin ƙungiya, a kuma juyo da wuri yadda magariba za ta same su a gida.

Batun hular kwano kuwa, kada mu maimaita abin kunyar 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tsananta dokar sa ta, waɗansu masu babura suka kifa ƙwarya a ka don su yaudari ma'aikata. Ƙwarya ta iya ruɗin ma'aikaci, amma kwalta ba ta ruɗuwa.

Akwai iyayen da suka sayar da hatsi ko sa kafin ɗansu ya taka wannan makaranta, suna can suna ƙirga shekarun da suka rage. Wanda ya jagoranci abokai goma sha biyar da safe, nauyi ne a wuyansa ya dawo da goma sha biyar da yamma. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.