Lauyan da ke kotu shi ya fi buƙatar komawa aji

Lauyan da ya fito daga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda kafin 2015, ya kuma ci gaba da aiki da abin da aka koya masa a lokacin, yau yana tsayawa gaban alƙali da ilimin da doka ta riga ta wuce. A 2015 aka sa hannu kan dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Jihohi suka bi sahu da nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. A 2015 ɗin kuma aka kafa dokar laifukan intanet, aka sake gyara ta a 2024. Ga dokar hana azabtarwa ta 2017, ga sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020. Duk wannan ya faru ne alhali lauyan yana tsakanin ofis da kotu, ba shi da sukunin zama ya karanta su da natsuwa.

Shi ya sa nake goyon bayan digiri na biyu a fannin shari'ar laifuka da za a riƙa yi a ƙarshen mako, domin masu aikin lauya. Mai iyali da ke riƙe da shari'o'in mutane ba zai rufe ofis shekara guda ya tare a harabar jami'a ta Kongo ko a Jami'ar Bayero ba. In an ce sai ya bar aiki, to an zaɓi waɗanda ba su da aikin bari, an bar waɗanda talaka ke dogaro da su.

A Arewa lamarin ya fi sarƙaƙiya. Kundin laifukanmu, wato Final Kod, ya fara aiki a 1960, an ɗauko shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya. Kudu na aiki da wani kundin daban mai asali daga Kwinslan ta Ostireliya. Daga 2000 jihohi goma sha biyu suka faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci, Zamfara ce ta buɗe ƙofa. Lauya ɗaya na iya shiga kotun majistare da safe, kotun Shari'a da hantsi, Babbar Kotun Tarayya gobe, kowacce da nata ƙa'idojin. Watannin da ake yi a makarantar lauyoyi ba su isa su zurfafa mutum a waɗannan duka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke zaman jiran shari'a. Mafi yawan mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Alhali ACJA ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14. Ta wajabta wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Ta ce a saurari shari'a kullum-kullum, ta kuma taƙaita yawan ɗage zama. Waɗannan tanade-tanade suna nan a rubuce, amma ba sa motsi da kansu. Sai lauya ya san su, ya tashi ya ce "Ya mai shari'a" ya kafa hujja da su, sannan wani ɗan acaɓa da ya yi wata takwas a tsare zai koma wurin 'ya'yansa.

Su kansu manyan shari'o'i kan rushe saboda irin waɗannan batutuwa. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, shekara 12, saboda alƙalin da ya ƙarasa ta an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shekaru na aiki suka tafi a kan sashe ɗaya na ACJA. Haka nan saƙon waya ko hoton bidiyo kan zama banza a kotu idan ba a cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ba.

Sai dai ina da sharaɗi ga jami'o'inmu. Kada wannan karatu ya zama kasuwar takarda, a biya kuɗi, a karɓi handawut, a samu ƙarin girma a ma'aikata. A jawo alƙalai masu ritaya da tsofaffin masu gabatar da ƙara su koyar tare da malaman tsangaya. Kundin binciken ɗalibi ya fito daga abin da yake gani a kotunsa: me ya sa shawarar daraktan gabatar da ƙara ke daɗewa ba ta fito ba, shari'o'i nawa ne ke faɗuwa saboda iƙirarin da aka tatsa da duka. A kuma girmama jadawali, domin wanda ya taso daga Gusau ko Dutse ranar Juma'a da yamma bai cancanci ya tarar da aji babu malami ba.

Ma'aikatun shari'a na jihohi su ne ya kamata su fara biyan kuɗin karatun lauyoyinsu, haka ma Hukumar Ba da Agajin Shari'a, domin su ke riƙe da fayiloli da dama na waɗanda ke tsare.