Mabuɗin Fim ɗin Zullumi a Hannun Ɗalibai: Inda Aka Dace da Inda Aka Gaza

Shekaru da dama hukumar jarrabawa ta OCR a Ingila ta riƙa ɗora wa ɗaliban nazarin kafafen watsa labarai, a matakin share fagen shiga jami'a, aikin shirya mabuɗin sabon fim tare da jerin sunayen ma'aikatansa, bisa sharaɗin kada ya wuce minti 2. Da yawansu sukan zaɓi fim ɗin zullumi, wato wanda ke riƙe mai kallo cikin ɗar-ɗar, kuma ayyukan nasu suna nan jibge a YouTube. Wannan ɗan tsokaci ya dubi ɗaya daga cikinsu, wanda zubinsa ya yi kama da na sauran da na kalla.

Ga yadda yake. Wata yarinya ta taso daga makaranta gab da faɗuwar rana, ta ratsa wani kurmi ita kaɗai. Kyamara tana leƙen ta daga bayan itatuwa. Sai ga wani mai rufaffiyar fuska yana biye da ita, aka ji ihu, allo ya yi baƙi, sunan fim ya bayyana.

Ɗaliban sun cancanci yabo ta fuskar sarrafa kyamara. Da suka ɓoye ta bayan itatuwa, sun ara wa mai kallo idon maharin, don haka ya san akwai haɗari tun yarinyar ba ta sani ba. Haɗin hotunan ma ya tafi sumul, ba a rikita mai kallo game da inda kowa ya dosa ba. Rashin kuɗi kuwa alheri ya zame musu, domin da hasken yamma da ƙarar busassun ganye kawai suka gina yanayin tsoro.

Sai dai a ganina mabuɗin ya gaza a babban aikinsa. Na farko, ba mu san yarinyar ba. Ba ta furta komai ba, ba a nuna abin da take nema ko wanda ke jiran ta a gida ba, saboda haka ihunta ya firgita mu amma bai taɓa mana zuciya ba. Na biyu, an kashe ƙishirwar mai kallo tun ba ta kama shi ba. Alfred Hitchcock ya bambance ba-zata da jan rai da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi kwatsam, mai kallo ya sami firgitar daƙiƙa 15, in kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, sai ya shafe minti 15 zuciyarsa na dukan uku-uku. Haka Orson Welles ya yi a mabuɗin Touch of Evil (1958), inda aka dasa bam a bayan mota a idon mai kallo, aka bar shi yana bin motar fiye da minti 3. Ɗaliban nan sun ɗauko hanyar jan rai, sannan suka yi gaggawar rufe ta da ihu. Abin da ya fito ya fi kama da tallar fim.

Na uku shi ne kwaikwayo. Rubutun sunayen yana rawa yana karcewa irin na Se7en (1995), wanda Kyle Cooper ya tsara. A can karce-karcen suna da dalili, domin hannuwan makashin ake nunawa yana cike littattafansa, alhali shi kansa ba zai bayyana ba sai can gaba. A nan kuwa ado ne kawai, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Mai yiwuwa a ce minti 2 ya yi kaɗan a gina tauraruwa. Ban gamsu da wannan hanzari ba. Wasiƙa guda da yarinyar za ta karanta ta yayyage kafin ta shiga kurmin ta isa ta sa mai kallo ya tambayi abin da take ɓoyewa, kuma ba ta cin ko sisi.

Mu da muka saba tarken mabuɗi da marufi a rubutacciyar waƙa, yanzu kuma muke nazarin finafinan Hausa, akwai abin lura a nan. In ɗalibanmu suka kawo irin wannan aiki, kada kyan hoto ya ɗauke mana hankali. Abin da ya kamata mu fara aunawa shi ne tambayar da mabuɗin ya dasa a zuciyar mai kallo, da ko ta isa ta zaunar da shi har ƙarshen fim.