Ramukan fuska: abin da man shafawa ke iyawa da abin da ba ya iyawa

A layin masu kayan kwalliya na babbar kasuwar Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, da wuya a rasa kwalbar da aka rubuta wa «resserre les pores», wato tana tsuke ramukan fuska. Ƴan mata da amare da matan ma'aikata suna zuba jikkuna a kan wannan alkawari, kuma cinikin ya ƙara kauri tun da wayar salula ta koyi goge fuska a hoto, ta mayar da ita sumul kamar tangaran. Mace ta dubi hotonta, ta dubi madubi, sai ta ɗauka madubin ne ke nuna mata ciwo.

Alhali kuwa ramukan nan halitta ne. Kowanensu ƙofar gashi ce, a ƙarƙashinta akwai wata ƴar jaka mai fitar da maiƙo don kada fata ta bushe ta tsage. Sun fi yawa a hanci da goshi da gefen kumatu, shi ya sa nan ne suka fi fitowa fili. Abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya kwance bakin aljihu shi ne, ƙofar nan ba ta da tsokar da za ta buɗe ta ko ta rufe ta. Turiri yana tausasa maiƙon da ya daskare a ciki, ƙanƙara tana ɗaure fata na ɗan lokaci, daga nan komai ya koma yadda yake. Girman ramin gado ne da farko, sannan yawan maiƙo, sannan shekaru da rana, waɗanda ke sassauta fatar da ke riƙe da bakinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, maiƙo na ƙaruwa, ramukan su ƙara bayyana. Maza ma sun fi mata manyan ramuka, sai dai ba a taɓa jin wani Alhaji ya hana kansa barci a kan haka ba.

Baƙin ɗigon da ake gani a kan hanci maiƙo ne da matacciyar fata da suka toshe ƙofar, iska ta taɓa su suka yi duhu. Mai ɗaukarsa dauɗa sai ta dirje da soso ko ta matse da farce, ta jawo kumburi, kumburi kuwa a baƙar fata yakan bar tabon da ke ɗaukar watanni bai gushe ba.

To, me ke aiki? Wanke fuska safe da dare da sabuni marar kaifi shi ne tushe, domin ramin da babu komai a ciki ya fi ƙanƙanta a ido. Sai sinadarin da ake kira acide salicylique a farmasi, mai ƙarfin da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, wanda ke narkewa cikin maiƙo ya shiga ramin ya share shi. Niacinamide tana rage maiƙon kaɗan. Mafi ƙarfi su ne dangin bitamin A, irin su trétinoïne, wadda aka amince da ita a Amurka don maganin ƙuraje tun 1971, da adapalène. Da dare ake shafa su, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, sukan sa fata ta yi saɓa a makonnin farko, kuma sai an yi wata 2 zuwa 3 kafin a ga bambanci. Mai ciki da mai neman ciki ba su shafa su, don haka shawarar likita ta zama dole. Man kariya daga rana shi ma yana cikin lissafi, ko da fata baƙa ce wuluk. Duk waɗannan suna rage bayyanar ramin ne muddin ana amfani da su. Ranar da aka daina, maiƙo ya dawo bakin aikinsa.

Inda hatsarin yake shi ne man da ke cika alkawari cikin kwana 10. Da yawa daga cikin irinsa suna ɗauke da clobétasol ko bétaméthasone, magunguna masu ƙarfi da aka yi domin ciwon fata, ko hydroquinone, ko ma zaiba, kuma ba kullum ake rubuta su a jikin kwalba ba. Da fari fuska takan yi haske da santsi, mai mai ta sha yabo a wurin biki. Bayan watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, kumatu su yi baƙi-baƙi kamar ƙuna, ramukan da aka gudu su ƙara fitowa. Idan an daɗe ana shafawa a jiki duka, clobétasol na iya kai mutum ga hawan jini da ciwon suga, zaiba kuma ta taɓa ƙoda. Tarayyar Turai ta hana hydroquinone cikin man shafawa tun 2001, Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi sahu a 2016. Ɗan kasuwar da ke sarin kwali-kwali ya kamata ya tambayi kansa ko zai yarda ɗiyarsa ta shafa abin da ke kan teburinsa. Wadda ta riga ta saba da shi kuma, kada ta yanke rana ɗaya, don fuskar takan yi bore. Likitan fata ne zai tsara mata yadda za ta janye sannu a hankali.

Na gida ma suna da nasu. Lemun tsami da ake gogawa yana ƙona fata idan rana ta same shi. Dilka tana cire matacciyar fata, amma fuska ba ta jure dirzar da ƙafa ke jurewa. Man kaɗanya alheri ne ga busasshiyar fata a hunturu, a kan hanci mai maiƙo kuwa ƙarin kaya ne.

Saura ɓoyewa, kuma nan kwalliya ta fi magani saurin biyan bukata. Akwai man shimfiɗa da masu gyaran amare ke kira base, mai ɗauke da silikon, wanda ake dannawa da yatsa a inda ramukan suke kaɗai, ya cike su. A bisa shi a sa hodar ruwa marar maiƙo, siririya, a daddanna ta da soso maimakon a ja ta, sannan a bi da busasshiyar hoda kaɗan. Kuskuren da aka fi gani a bukukuwa shi ne laftawa: hoda mai kauri tana zama cikin ramukan, da zufa ta karyo sai kowane rami ya fito ɗaya-ɗaya. Mai ƙyalƙyali ita ma tona asiri take yi. Idan maiƙo ya taso da rana, a ɗauke shi da takarda mai laushi kafin a ƙara hoda, da dare kuma a wanke duka kafin a kwanta, ko da an dawo daga biki ƙarfe 2.