Karen Ruwa Da Masunta

Yau zancenmu na karen ruwa ne, wanda suna kaɗai ya haɗa shi da kare, don kuwa ɗan'uwan dage ne.

Iri biyu gare mu a Nijeriya. Da ƙarami mai ɗige-ɗige a wuya, da babba mai farin maƙogwaro, wanda nauyinsa kan kai kilo 20. Babban nan ya fi ba ni sha'awa. Jikinsa sumul, gashin baki zara-zara, yatsun hannunsa ba ƙumba, kamar na jariri. Da su yakan lalubo ƙaguwa da kwaɗo ƙarƙashin duwatsu, ya riƙe hannu biyu yana ci, sai ka ce almajiri da ƙoƙo.

Masunta suna ƙinsa wai yana yaga musu taru. Lalle yana yi. Amma mu da ke kusa da Gulbin Sakkwato, tsakanin Gusau da Bunguɗu, mun sani da rani ruwa ba ya saura sai a gurabu. Wanda ya zuba maganin ƙwari cikin gurbi don kamun kifi, ya kashe a yini guda abin da karen ruwa ba ya ci a shekara. Ina roƙon hakimai da sarakunan ruwa su tsawata wa irin waɗannan tun kaka, kafin gulbi ya janye.

Naku,
Wani Akawu, Nahuce.