Mai Dokar Barci: Ma'aikatan Asibiti da Allurar Riga-kafi

Ranar 5 ga watan Maris 2021 aka fara yin allurar riga-kafin cutar korona a Nijeriya, kuma wanda aka fara yi wa shi ne wani likita na Asibitin Ƙasa da ke Abuja, Dokta Cyprian Ngong. Hikimar farawa da ma'aikatan asibiti a fili take, domin su ne ke cuɗanya da majiyyata dare da rana. Sai dai abin mamaki, an sami malaman asibiti da dama waɗanda suka noƙe, suna jira su ga yadda za ta kaya da waɗanda suka miƙa damtse. Ashe ke nan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Tambayar da ta taso a lokacin, wadda kuma har yau ba ta mutu ba, ita ce: shin ya kamata hukuma ta tilasta musu?

Masu ƙin tilas suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a kira su jahilai. Malamin asibiti ɗan gari ne, abin da jama'arsa suka gani shi ma ya gani. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano a 2003, ba a koma ba sai a 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bugu da ƙari, tilas tana iya korar ma'aikata. A watan Satumba 2021 Faransa ta dakatar da ma'aikatan lafiya kimanin 3,000 daga aiki saboda ƙin allurar korona. Ingila kuwa ta shirya irin wannan doka, amma a farkon 2022 ta janye, don gudun kada asibitoci su rasa hannu. Ƙasar da likitocinta ke ƙaura zuwa waje ba ta da rarar ma'aikatan da za ta kora.

To amma duk da haka, akwai bambanci tsakanin manomi da ma'aikacin asibiti. Wanda ya kwanta a gadon asibiti bai zaɓi mai duba shi ba, jikinsa kuma ya riga ya yi rauni. Nas ɗin da ke ɗauke da ƙyanda ko mashaƙo, in ta shiga ɗakin yara, ta kai cuta inda aka zo neman waraka. Ke nan jikin ma'aikacin asibiti amana ce, kamar yadda allurar da ke hannunsa amana ce. Sharaɗi irin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tun da kowane maniyyaci sai ya yi allurar sanƙarau kafin ya tafi aikin Hajji, ba a kuma ji wanda ya fasa sauke farali saboda ita ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hukuma ta fi son kafa doka bisa sauke nata nauyin. Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta cewa daga 1 ga Disamba 2021 sai mai shaidar riga-kafi ko ta gwaji zai shiga ofis. A cikin wannan wata kuma aka lalata allurai fiye da miliyan ɗaya waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka ta jini, ko da ta hanyar tsirewar allurar da aka yi wa majiyyaci amfani da ita. Riga-kafinsa allura uku ce cikin wata shida. Nijeriya ta sa shi cikin alluran jarirai a 2004, watau manyan ma'aikata na yanzu ba su samu suna yara ba. Da yawansu ba su cika ukun ba, sau da yawa saboda kuɗi ko rashin maganin a inda suke aiki. Masu shara da masu wanki, waɗanda ke kwasar allurai da tsummokaran jini, su aka fi mantawa.

Saboda haka, tilas tana da muhalli, amma ita ce ta ƙarshe a jeri. Da farko a kai riga-kafin har ɗakin aiki, kyauta, daga likita har mai shara. Na biyu, a fara tun daga makarantun koyon aikin likita da jinya da unguwarzoma, kafin ɗalibi ya taɓa majiyyaci. Na uku, a yi bayani da harshen da kowa ke ji, a faɗi amfanin allurar da illarta ba rufa-rufa. Bayan wannan, wanda ya ƙi ba tare da uzurin lafiya ba, a ɗauke shi daga ɗakin haihuwa da na tiyata da na yara zuwa inda ba zai cutar da kowa ba, ba sai an raba shi da abincinsa ba.

Mahaifiyar da ta ga nas ta ƙi allura, da wace hujja za ta miƙa jaririnta? Allah ya sa hukuma da ma'aikata kowa ya riƙe amanarsa, amin.